Shekara uku da sauya bututun gidanmu zuwa PVC

Gidan da muke ciki tsoho ne, mahaifinmu ya gina shi, kuma duk bututun ruwansa na ƙarfe ne. Da safe in aka buɗe famfo sai ruwa ya fara zubowa ja-ja kamar shayi, sai an zubar da bokiti guda kafin ya washe. Ranar da mai gyaran famfo ya yanko guntun bututun ya miƙo mini, na leƙa cikinsa na ga tsatsa ta kusa toshe shi, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Washegari na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano don sayo fayif ɗin PVC, wato bututun roba.

Abin da ya fara burge ni rashin nauyi. Yaro ɗaya ya saɓo fayif biyar a kafaɗa ya kai bakin Keke Napep. Na sayi mai inci 1 na saukowa daga tanki, mai rabin inci na shiga banɗaki da kicin, sai mai inci 4 na magudana zuwa sokawe. Kwana biyu aka gama aikin, da zarto da gwangwanin gam kawai.

Gam ɗin nan ya kamata a fahimce shi. Narkar da fatar fayif ɗin yake yi har guda biyun su haɗe su zama abu ɗaya. Shi ya sa in akwai ƙura ko danshi a bakin, ba ya kamawa. Mai gyaran namu yakan goge bakin tas, ya shafa ciki da waje, ya tura ya ɗan murɗa, ya riƙe kamar rabin minti. Da na ce a saki ruwa mu gwada, sai ya ce, "Alhaji, a bar shi ya kwana tukuna." Har yau babu haɗin da ya yi yoyo, ruwa kuma garau yake fitowa.

Inda na sha wahala shi ne rana. Akwai wanda ya sauko daga tanki ta bangon yamma, muka bar shi a fili. Zafin Kano a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma hasken rana yana cin PVC a hankali. Cikin shekara biyu launinsa ya koɗe, ya bushe ya yi ƙyamas. Wata rana yara na ƙwallo a tsakar gida, ƙwallon ta buge shi sau ɗaya, ya fashe kamar ƙwai, rabin tanki ya malale. Da muka sauya sai na sayi mai kauri na ɗaukar matsin ruwa, muka shafa masa farin fenti, ragowar muka binne a ƙasa. Mai siririn jiki ya fi araha, amma na magudana ne, kada a bari a sa shi a layin injin burtsatse.

Ruwan zafi ma ba ya so. Iyakarsa wajen digiri 60 ne, sama da haka sai ya fara laushi yana lanƙwashewa. Don haka layin hita PPR na sa, wani irin bututun roba mai jure zafi, wanda ake haɗa shi da injin zafi. Uwargida ma in ta tace taliya sai ta sirka ruwan kafin ta zuba a sinki.

Abu ɗaya na hana a gidana: gasa bakin fayif a wuta don a faɗaɗa shi, kamar yadda wasu ke yi don gudun sayen soket, wato mahaɗin fayif biyu. Wurin yana yin rauni, sannan akwai sinadarin kulorin a jikin PVC, hayaƙinsa yana yaji a ido da maƙogwaro, yana kuma cutar da huhu. Guntayen da suka rage ma ban bari an jefa su wutar shara ba. Na tara su a buhu, ƙanena ya ɗauka ya yi wa kajinsa mazubin ruwa da mai inci 4 ɗin.