TDS-3: na'urar gwada zartsin ruwa, inda take aiki da inda take ruɗin mutum

Masu haƙa rijiyar burtsatse, masu ruwan leda da masu kiwon kifi sun san ta: 'yar na'ura mai siffar alƙalami, da ƙaramin allo, da ƙarafa biyu a gindinta. Ta asali kamfanin HM Digital ne ke yin ta, amma kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da suna iri ɗaya. Tana aiki da ƙananan batura biyu irin na agogo, tana karanta 0 zuwa 9,990 ppm, wato miligiram na abin da ya narke a kowace lita ta ruwa (shi ake kira TDS), kuma tana kashe kanta bayan minti 10.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne, ba gishiri take aunawa ba. Lantarki take turawa tsakanin ƙarafan nan biyu, ta ga yadda ya wuce. Tsantsar ruwa kusan ba ya ɗaukar wuta: 0.055 ne kacal a ma'aunin maikrosimens a santimita, wato ma'aunin lantarkin da ruwa ke ɗauka. Da gishiri ya narke sai ya rabu gida biyu, sodiyam da kuloraid, kowanne da cajinsa, su ne ke ɗaukar wutar su ƙetare da ita. Giram 1 na gishirin miya a lita 1 yana kai ruwa kusan 2,000 a wannan ma'aunin. Ruwan teku ya haura 50,000. Na'urar tana raba abin da ta samu kusan gida biyu, sai ta nuna maka rabin a matsayin ppm.

A wannan rabawar ne gizo ke saƙa. Lissafin ya dace da gishirin miya ne kawai, don da shi aka saita ta a masana'anta, a kan 342 ppm. Ruwan rijiya kuwa gauraye ne: akwai kanwa, akwai kalsiyam, akwai salfet, kuma waɗannan ba sa ɗaukar wuta daidai da nauyinsu kamar gishirin miya. Shi ya sa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke lissafa kusan 640 ppm ga kowane maikrosimens 1,000, ba 500 ba. Ma'ana, rijiyar da ta nuna 500 a allo tana iya ɗauke da 640 ko fiye in an ƙafar da ruwan aka auna abin da ya rage. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsayar da iyaka a 500 ppm, ko 1,000 a ma'aunin lantarki. Wanda ya ga 450 ya ce ya tsira da tazara, bai tsira ba, yana bakin iyaka ne.

Gwada ta a gida ba wuya. A samu tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota (ba mai asid ba, a kula), a fara tsoma ta: kada ta wuce 5. A auna giram 1 na busasshen gishiri da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinare, a narkar a lita 1, a motsa sosai. Ya kamata ta nuna kusan 1,000. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin allon lamba uku kawai yake ɗauka: zai nuna 100, da 'yar alamar x10 tana ƙiftawa a gefe. Wanda bai lura da ita ba zai rantse ruwan zartsi garau yake. In karatun ya kauce da yawa, akwai ƙaramin noti a baya da ake murzawa da siririyar sukudireba har lambar ta daidaita. Jabun da yawa ba su da wannan notin, ko kuma a saita yau gobe ya zame.

A ƙara cokalin sukari a wani kofin tataccen ruwa a sake tsomawa. Lambar ba za ta motsa ba, don sukari yana narkewa amma ba ya rabuwa zuwa masu caji. Haka ƙwayoyin kwalara da taifot, haka fetur, haka yawancin magungunan ƙwari. Dalma tana cutarwa tun tana ƙasa da 1 ppm nesa ba kusa ba, inda na'urar ba ta ko shaƙi ƙamshinta ba. Don haka mai ruwan ledar da ke ɗaga wa kwastoma lambar 30 a allo a matsayin shaidar tsafta, ko bai sani ba, ko yana so kada a sani. Ɗan'uwan wannan dabarar shi ne na masu tallar matatar ruwa da ke tsoma sandunan ƙarfe masu wuta a kofi, ruwan ya koma ja ko baƙi-baƙi: ƙarfen nasu ne ke narkewa, ba dattin rijiyarka ba.

Zafi ma yana da hannu. Duk digiri ɗaya yana ƙara wa ruwa kusan kashi 2 cikin 100 na ɗaukar wuta, don haka ruwan baƙin tanki da ya kai digiri 40 a watan Afrilu zai ɗara na digiri 25 da kusan kashi 30. Na'urar tana gyara wannan da kanta, sai dai ma'aunin zafinta yana da jinkiri. A bar ta cikin ruwan kamar minti ɗaya, a ɗan girgiza don kumfar da ke maƙalewa tsakanin ƙarafan ta fita, sannan a danna maɓallin HOLD mai tsayar da lambar a allo. Kada a nutsar da ita fiye da santimita 5, ruwa yana shiga ta wajen maɓallan. A ɗauraye ta bayan kowane gwaji, musamman bayan ruwan taki.

Inda ta biya kuɗinta shi ne bin sawun canji. Mai injin RO, wanda ke tace ruwa ta hanyar matsa shi ta cikin wata fata, zai auna ruwan shiga da na fita: 400 ya koma 20, fatar tacewar tana riƙe kashi 95, ranar da ya fara fitowa 60, ta kusa canji. Manomin rani zai auna rijiyarsa daga Disamba zuwa Mayu ya ga ko zartsi na hawa yayin da ruwa ke ja da baya. Ƙasa da 350 a allon nan babu damuwa, sama da 1,500 ƙasa za ta fara yin fari-fari. Albasa tana fara jin jiki tun daga wajen 400, tumatir yana jurewa har kusan 850.

Mai haɗa ruwan taki mai ƙarfi ko mai aiki da ruwan gishiri sosai ya nemi wata na'urar. Da gishiri ya yi yawa, masu cajin suna cunkushewa suna rage wa juna gudu: giram 10 a lita ba ya ba da maikrosimens 20,000, kusan 17,600 yake bayarwa. Irin wannan aikin yana buƙatar na'urar da ke nuna ma'aunin lantarki kai tsaye, wadda ake saitawa da ruwan gwaji na maikrosimens 1,413, irin waɗanda kamfanin Hanna ke yi, ko da kuɗinta ya ninka na wannan sau da yawa.