Masu jif a Kaduna, hattara da mai tallar man giya a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani mutum da ke tallar man giya na motoci atomatik a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, yana cewa kayansa daga Dubai suke zuwa kai tsaye. Ba shi da shagon da za ka je ka same shi. Ka tura kuɗi, ya aiko ɗan Keke Napep ya kawo maka Kawo ko Mando ko duk inda kake. Ni dai ya riga ya yi mini aika-aika, yau sati uku ke nan motata na kwance a gareji a Kurmin Mashi.

Highlander ce ƙirar 2008, Beljiyam na saye ta. Man da littafinta ya ce a zuba wa giyarta shi ne Toyota WS, kuma shi na tambaya. Ya turo hoton gwangwani mai lita 4, da tambari da rubutun Japananci, a kan kuɗin da bai kai rabin na kanti ba. Da na yi ɗan jim sai ya kira ni: "Yallaɓai, man giya ai duk ɗaya ne, in dai ja ne. Masu shago kuɗin haya suke ɗora maka." A nan ya kamata in farga, don mai sayar da na gaskiya ba zai faɗi haka ba. Amma na ga araha, na manta ba ta ado.

Kwana huɗu mota lafiya lau a cikin gari. Ranar da na kama hanyar Zariya da rana tsaka, ina wuce Mararrabar Jos sai na ji ta fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku. Kafin Jaji inji na ta ƙugi, allura na hawa, mota kuma ba ta ja. Wutar cek ta kama. Janyo ta aka yi.

Da ogan gareji ya kwance farantin ƙasan giya, man da ya fito ya koma kalar shayi mai kauri, yana warin ƙuna. Maganaɗisun da ke cikin farantin sun lulluɓe da baƙin tabo, garin kuloci ke nan da ya cinye. Ya ce in kawo gwangwanin. Ya juya shi, ya nuna mini bakin murfin: ga sawun filaya, ga busasshen gam a gefe. Ya ce, "Alhaji, gwangwanin na gaskiya ne, abin cikin ne ƙarya." Ashe akwai yaran da ke zagaya gareji-gareji suna sayen gwangwanaye da robobin man giya da aka juye. A ɗura musu wani mai mai araha, a sa jan kala, a liƙe.

Jan nan da muke dogaro da shi rini ne kawai, kamfanoni ke sa shi don a bambanta man giya da baƙin mai. Bai nuna komai game da kaurin man ko sinadaran da ke sa kuloci ya kama daidai lokacin da giya ke canzawa. Ko a gidan Toyota kaɗai, T-IV na tsofaffi irin su Highlander ta farko da RX300 daban yake da WS, wanda ya fi shi tsinkewa, kuma dukkansu ja ne. A gidan Honda, tsofaffin CR-V da Pilot suna shan DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Santa Fe mai giya shida SP-IV take so, ta da kuma SP-III.

Waɗanda na fi ji wa tsoro su ne masu giyar CVT, irin Murano da Rogue, da CR-V ta Amurka daga 2015. Wannan giya bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fuli biyu, man da take sha kuma daban ne gaba ɗaya: NS-2 ko NS-3 ga Nissan, HCF-2 ga Honda. Na Nissan ma ba ja ba ne, kore-kore yake. Mutumin nan yana tallar wata roba da ya ce "tana shiga kowace mota", har da waɗannan. Bel ɗin in ya fara zamewa ya kankare fuli, sai dai a nemi wata giyar. Gaskiya akwai kamfanonin kirki da ke yin mai guda na motoci da yawa, amma suna jera lambobin da ya dace da su a bayan roba, ka duba ka ga taka ko babu. Tasa robar ba ta da ko adireshi.

Na kira shi, ya ce laifin bakanikena ne. Na tura masa hoton murfin, sai ya toshe lambata. Jiya wani abokina ya nuna mini tallar a wani guruf, lamba ta canza, hotunan kuwa su ne dai, har da tabarmar da ya jera kayan a kai. Na haɗa rasit ɗin tura kuɗi da gwangwanin zan kai ƙorafi SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye.

Kafin ka sayi man giya, buɗe littafin motarka, ko ka duba sandar awon man in motar na da ita, wasu an rubuta lambar a jiki. Ka saya a shagon da za ka iya komawa gobe, ka karɓi rasit, a ɓalle hatimin a gabanka. In an gama juyewa, kada ka bar gwangwanin a gareji da lafiyarsa. Ni yanzu ƙusa nake sa yaron oga ya huda shi ta ƙasa, ina tsaye.