Tabarmar golf da raga da na'urar auna bugu: tauraro biyu na ba su

Saitin nan da ake ta tallarsa a zaurukan WhatsApp na 'yan golf, wato tabarmar ciyawar roba da raga da ƙaramar na'urar da ke auna bugu ta aika sakamako zuwa waya, ni ma na saya. Kun san mai kawo shi, kun kuma san abin da yake karɓa, don haka ba sai na tsaya a kan kuɗi ba. Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne raina har yanzu a ɓace yake, kuma na ga mutum biyu a kulob ɗinmu suna shirin tura kuɗinsu.

Na kafa kayan a bayan gida, kan daɓen siminti. Bayan sallar asuba nakan fita in yi bugu kafin lokacin aiki, wani lokaci kuma da daddare idan akwai wuta. Cikin 'yan watanni lambobin da wayata ke nuna mini suka yi kyau ƙwarai. Sanda mai lamba 7 tana kai ni yadi 155 a sama kafin ƙwallo ya sauka, kuma kusan kowane bugu a kan layi. Manhajar tana zana maka da'ira ta nuna inda ƙwallayenka za su taru, tawa kuwa kullum ƙara tsukewa take. Handikaf ɗina, wato lambar da ke nuna matakin ɗan wasa, wadda ke raguwa idan ya ƙware, 22 ne a lokacin, na sa rai kafin ƙarshen shekara zan sauko ƙasa da 18. Na yarda da abin nan da zuciya ɗaya, har na daina zuwa wurin atisayen kulob, don na ga ba ni da bukata.

Sai gasar wata-wata ta watan Satumba ta zo. Irin gasar da ake ƙirga kowane bugu ce, babu ɗaukar ƙwallo a wuce, sai ka ji ƙarar faɗawarsa rami. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf, ciyawa ta yi kauri.

Ramuka biyun farko na lallaɓa na wuce, amma tun a nan na ji wani abu ba daidai ba. Bugu biyu na yi da ƙarfe, wato sanda mai kan ƙarfe irin lamba 7 ɗin nan, duka biyun sandar ta yi nauyi a hannuna lokacin da ta sauka, ƙwallon ya gaza da yadi ashirin ko fiye. Na ce a raina jikina ne bai saki ba. Rami na uku na bugu huɗu ne, wato da bugu huɗu ake sa ran ƙwararre ya gama shi, akwai kududdufi a gaban girin, wato shimfiɗaɗɗen wurin da ramin da tuta suke, an zagaye shi da jajayen turaku. Bugun farko ya yi mini kyau, ya sauka tsakiyar fili. Kadina, wani dattijo da ya fi shekara talatin yana ɗaukar jaka a filin nan, ya taka ya ce saura yadi 140 zuwa tuta, ruwan kuma yana ƙarewa a wajen 125. Ya zaro lamba 6, wadda ta fi 7 kai ƙwallo nesa, ya miƙo mini. Na ce masa, «Baba, ba ni 7, ta isa har da rara.» Ya ce, «Ranka ya daɗe, ƙasar nan a jiƙe take.» Na ce na sani, amma na san tsawon sandata. Da gaskiyata na faɗa, don na'urar ta nuna mini lambar nan sau ba adadi.

Na buga. Sandar ta shige ƙasa tun kafin ta isa ƙwallon, ta ɗago wani ƙaton ɓangaren laka da ciyawa, ƙwallon ya tashi da ƙyar ya faɗa tsakiyar ruwa. Doka ta ci ni tarar bugu ɗaya. Na je na saki wani daga daidai gwiwa, yadda doka ta koma tun 2019, yanzu saura yadi kamar 60. Na ɗauki ƙaramar sanda, irin bugun da nake yi a gida ido rufe. Shi ma ƙasa na sara, ya koma ruwa. Na uku na ji tsoron ƙasar, na ɗaga jiki, bakin sandar ya yanki ƙwallon a ciki, ya tsallake ruwa da girin da komai ya shige cikin dogayen ciyayi a baya. Minti uku doka ta ba mu na nema, Allah ya taimake ni kadin abokin wasana ya gan shi. Da bugu 10 na bar ramin.

Abokan wasana mutanen kirki ne, babu wanda ya ce uffan. Amma rukunin da ke bayanmu suna tsaye sun riƙe ƙugu suna jira, kuma wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san yadda hannu ke yin sanyi. Daga nan har rami na 18 ban sake yarda da ƙarfe ko ɗaya ba. Na gama da bugu 112. Kafin in sayi kayan nan, ranar da wasa ya ƙi ni ma ba na wuce 100 da yawa.

Bayan mun gama, muna zaune a inuwa yana goge sanduna, dattijon ya juya ƙasan lamba 7 ya nuna mini. Duk ya yi kore da robar da ta narke ta manne. Ya ce, «Alhaji, sandar nan ta daɗe ba ta ci ƙasa ba.» Ya ja ni zuwa gefen wurin atisaye inda ƙasa take a fili, ya ja layi da tsinke, ya jera ƙwallaye a kan layin ya ce in buga. Da na gama muka duba tabon da sanda ta bari. Kowanne a bayan layin ya fara, wani yatsu biyu, wani har huɗu. Bugun ƙarfe na gaskiya ƙwallo ake fara samu sannan ƙasa, tabon ya fito a gaban inda ƙwallon yake. Ni akasin haka nake yi, kuma tabarmar ce ta ɓoye mini. A kanta, idan ka sauka a bayan ƙwallo, sandar ba ta nutsewa, sai ta zame kan robar ta je ta sami ƙwallon da kusan duk ƙarfinta. Ƙara mai daɗi, raga ta girgiza, waya ta rubuta 155. Watanni ina maimaita kuskure ɗaya ana tafa mini, har ya zauna a jikina daram. Kamar wanda aka koya wa iyo a kan katifa ne aka kai shi gulbi.

Da na dawo gida na gwada abin da ya ce. Na shimfiɗa ɗan tawul a bayan ƙwallon, tazarar tafin hannu. Bugu bayan bugu sandar tana kwashe tawul ɗin, na'urar kuma tana ci gaba da ba ni lambobi kusa da na da. A nan ne na ji haushin ya taso mini da gaske. Kayan da aka sayar mini a matsayin malami ya ga laifin da ya fi kowanne muni a bugun ƙarfe, bai ce komai ba.

To, gaskiya ɗaya ce, ba duka saitin ne banza ba, kuma bayan kwanaki da zuciyata ta sauka na fara tunanin ko na tsananta. Ragar tana da ƙwari, ta sha ruwan damina da rana ba ta yage ba, ƙarafunanta ba su yi tsatsa ba, mutum ɗaya yana iya haɗa ta. A babbar sanda, wadda ake ɗora ƙwallo kan tsinke a buga shi ba tare da taɓa ƙasa ba, atisayen gida ya amfane ni sosai. Saurin sandata ya ƙaru, kuma a ranar gasar ma bugun farko ne kaɗai abin da bai kunyata ni ba. Na'urar tana auna saurin ƙwallo daidai gwargwado, na gwada ta kusa da wata babba a Abuja, bambancin ba shi da yawa. Ga kuma sauƙi: zagaye ɗaya na ramuka 18 yana cin awa huɗu ko fiye, ma'aikaci ba ya samun haka sai ƙarshen mako, amma rabin awa a bayan gida kowa zai iya. Har na ce tauraro uku zan ba shi, in ce tabarmar ce kawai matsala.

Amma ina zama rubutu sai sauran abubuwan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Na farko gwiwar hannuna ta hagu. Tun wata na biyu ta fara yi mini zogi, musamman da safe idan zan ɗauki buta. Tabarmar siririya ce, soson da ke ƙarƙashinta bai kai kaurin yatsa ba, duk dukan da sanda ta yi sai siminti ya mayar maka da shi a hannu. Ƙasa tana buɗewa ta shanye duka, siminti ba ya yi. Babu ko layi ɗaya a takardar kayan da ya ce kada a shimfiɗa ta kan daɓe, alhali yawancin gidajenmu daɓe ne. Sai da na huta makonni ina shafa magani.

Sannan ita na'urar, tsakanina da raga bai wuce mita uku ba. Abin da take gani ke nan na tafiyar ƙwallon, sauran yadi ɗari da hamsin ɗin lissafi ne take yi ta zana maka. Ba ta san iska ba. Ba ta san cewa a watan Janairu, idan hunturu ya busar da filayenmu na Arewa suka yi tauri, ƙwallo zai sauka ya yi ta gudu ba, ko kuma a Agusta zai nutse inda ya faɗi. A filayen da har yanzu ake tura ƙwallo rami kan yashin da aka cakuɗa da mai maimakon ciyawa, lissafinta na inda ƙwallo zai tsaya ba shi da wata alaƙa da abin da ido zai gani. Tabarmar kuma kullum a miƙe take sumul. A fili kuwa da wuya ka tsaya a wuri madaidaici: in ƙwallon ya fi ƙafarka tudu, mai bugu da dama zai ga ya karkata hagu, in ya fi ta gangare ya tafi dama. Ba ka koyon wannan a bayan gida ko za ka shekara.

Akwai kuma yadda kayan ke jan ka ka yi atisaye. Ƙwallo na dawowa ƙafarka, kana sake bugawa da sanda ɗaya, babu tunani, babu jira. Bugu na goma dole ya yi kyau, don na tara ya gyara maka hanya. A fili dama ɗaya gare ka, bayan ka yi tafiyar minti biyar, da sandar da ba ka taɓa ba tun rami biyu da suka wuce, ga ruwa a gaba, ga mutane suna kallo. Manhajar tana da wuri na musamman da take yaba maka idan ka jera bugu iri ɗaya da yawa, har da 'yar alamar kofi. Ba ta da wurin da za ta ce maka yanzu babbar sanda, yanzu lamba 8, yanzu guntun bugu, yadda wasa yake a zahiri. Wanda ya tsara ta ya san abin da ke sa mutum jin daɗi, wannan ya bi.

Abin da ya ƙarasa mayar da ni tauraro biyu shi ne mai kayan. Na kira shi cikin mutunci na yi masa bayani, ban ma nemi kuɗina ba, tambayarsa na yi ko yana da tabarmar da ke nuna inda sanda ta sauka, don akwai irinsu. Ya ce, «Yallaɓai, ai ko a St Andrews tabarma suke amfani da ita.» Gaskiya ne a wannan sanannen filin golf na Sikotilan suna ba 'yan wasa ƙananan tabarmi su riƙa bugu a kai a watannin sanyi, amma don a kare ciyawar filin ne lokacin da ba ta tsiro, babu wanda ya ce haka ake koyon bugu. Da na faɗa masa haka sai ya ce zai kira ni. Bai kira ba. Mako biyu bayan nan na ga ya sa hoton lambobina, waɗanda na tura masa da farin ciki a wata na farko, a cikin tallarsa, ya rufe sunana kawai. Wannan ya ƙona mini rai fiye da ramin da na ci 10, don yanzu da lambobina ake jawo wasu.

Tabarmar ma ta fara lotsawa a tsakiya, inda sanda ke yawan sauka, robar ta kwanta ta yi santsi. Ba ta cika shekara ba.

Handikaf ana lissafa shi ne da zagaye 8 mafi kyau cikin 20 na ƙarshe, saboda haka bai motsa nan take ba, amma da kyawawan zagayena na da suka fara fita daga lissafi sai ya hau zuwa 24. Yanzu ragar tana nan ina amfani da ita don babbar sanda kaɗai. Ƙarafuna na mayar da su ƙasa: ranar Asabar ina zuwa kafin lokacin wasa, ni da dattijon nan, ya ja layinsa, ina canza sanda a kowane ƙwallo, yana gaya mini inda tabon ya fara. Abin da nake ba shi a wata bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin na'urar ba, kuma tabon ya fara matsowa kan layi, ko da yake in na ga ruwa a gabana har yanzu hannuna yana ƙanƙamewa.

Idan dole sai kun saya, ku sayi ragar ita kaɗai, in zai yarda ya raba. Wanda ya riga ya sayi duka, ya sa katako ko roba mai kauri a ƙarƙashin tabarmar, kuma kada ya buga ƙarfe ko sau ɗaya ba tawul a bayan ƙwallo.