Ƙas-ƙas a bayan agogon gudu: kebul ne ko agogon kansa?

Wani ɗan'uwa daga Gombe ya yi tambaya kan tsohuwar Peugeot 504 ɗinsa. Ya ce da zarar mota ta fara tafiya sai ya riƙa jin ƙas-ƙas daga bayan dashbod, allurar gudu kuma tana rawa tsakanin 40 da 60. Bakanike ɗaya ya ce kebul ne, wani ya ce agogon ne ya gaji. Wanne zai saya?

Alhaji, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Fara tabbatar da cewa ƙarar daga wannan layin take. Mota na tsaye, ka taka totur: in ka ji ƙarar, matsalar inji ce. Sai ka hau hanya mara cunkoso, ka kai gudun 40, ka sa giya a firi. Ƙarar kebul ko ta agogo ba ruwanta da inji, gudun taya take bi, tana raguwa yadda mota ke raguwa. Ka leƙa tayoyi ma, don tsakuwar da ta maƙale a zanen taya tana yin irin wannan ƙara.

Kebul ɗin waya ce ta ƙarfe murɗaɗɗiya a cikin kube, bakinta biyu masu kusurwa huɗu. Ƙaramar giya a bayan giyabos ke juya ta, ita kuma ta juya maganaɗisu a cikin agogo. Maganaɗisun ne ke jan ɗan kofin alminiyom da allura ke kai, ba tare da sun taɓa juna ba. A yawancin tsofaffin motoci wayar kan juya sau 600 zuwa 1000 a kowace kilomita, wato aƙalla sau 10 a daƙiƙa in kana gudun 60.

In laifin kebul ne, ƙarar tana zuwa a jere daidai, allura kuma tana tsalle tare da ita. Dalili shi ne wayar takan maƙale a inda ta lanƙwashe ko ta bushe, ta murɗe, sannan ta kuɓuce da ƙarfi. Rawar ta fi yawa a ƙaramin gudu, takan lafa in an ƙara wuta. In ka miƙa hannu ƙarƙashin dashbod ka riƙe kuben (wani ne ke tuƙi, ba kai ba), za ka ji bugun a yatsunka, motsa kuben kuma yana canza ƙarar.

In agogo ne, yawanci ƙara ce mai tsini kamar kukan ƙyaure, daga bushin (zoben da sandar agogo ke juyawa a ciki) da ya bushe, kuma ta fi tashi da sanyin safiyar hunturu. Bushin da ya ci sosai yana barin maganaɗisu ya goga kofin, sai allura ta yi wuf ta haura sama ba dalili. In kuwa ƙas ɗaya kake ji jefi-jefi, daidai lokacin da lambar kilomita za ta juya, haƙoran giyar lissafin tafiya ne suka ci. Motsa kube ba ya canza komai a nan.

Gwajin da ke raba gardama shi ne ka kwance kebul daga bayan agogo ka yi 'yar tafiya. In ƙarar na nan, kebul ne. In ta ɗauke, kada ka yanke wa agogo hukunci nan take, domin waya mai ɗan lanƙwasa takan yi shiru in ba ta ɗauke da nauyi. Ka samo guntun tsohuwar waya, ka ɗaura a injin huda, ka juya agogon kai tsaye a hankali. Gefe ɗaya ne zai ɗaga allura, sai ka gwada duka biyun. Allura ta tashi sumul ba ƙara, agogonka lafiya lau.

Mu dai kebul muke fara zargi, shi ya fi yawan laifi, gyaransa kuma ya fi araha. Zaro wayar ta sama in irin mai zaruwa ce, ka wanke da kananzir, ka goge. Ja ta cikin tsumma: in zare ya kama, silin wayar ya fara tsinkewa, sai sabuwa. Shimfiɗa ta a kan benci ka mirgina, wadda ta lanƙwashe za ta yi tsalle, kuma miƙe ta da hannu ɓata lokaci ne. In lafiyarta ƙalau, shafa giris mara kauri, kaɗan, a kashi biyu cikin uku na ƙasa, ka bar na sama ba komai. Nan ne aka fi yin ɓarna. Murɗin wayar yana tura maiƙo sama, in ya shiga tsakanin maganaɗisu da kofi sai allura ta yi nauyi ko ta nuna gudun ƙarya, ƙurar hunturu kuma ta haɗu da shi ta zama laka. Haka nan in ka zaro waya ka gan ta jiƙe da man giya, sil ɗin (robar hana yoyon mai) da ke bakin giyabos ne ya mutu. A canza shi, in ba haka ba sabon kebul ma zai kai man cikin agogo.

Duba hanyar da kuben ya bi. Motar da aka taɓa sauke wa giyabos don gyaran kuloci, sau da yawa a nan kebul ke samun rauni, a mayar da shi a matse ko a bar shi yana taɓa salansa har robar ta narke. Kowace kwana ta zama mai faɗi, kamar yana zagaya da'ira mai faɗin santimita 30 ko fiye.

In za ka sayi sabo, tafi da tsohon ka jera su. Tsawon kube ya zo ɗaya, haka ma tsawon bakin wayar da ya leƙo. Wanda ya fi tsayi ko da milimita kaɗan ne yana tokare sandar agogo, ya kawo sabuwar ƙas-ƙas, ya cinye bushin. Agogon kuwa, in gwaji ya kama shi, a kai wa mai gyaran mita ya buɗe, ya wanke, ya ɗiga mai mara kauri a bushin. Kada a fesa masa mai ta ramin baya.