Baje kolin aikin hannu a ƙasar Musgum: masu tukwane a rana, masu raƙuman dawa a inuwa

Wanda ya tambaye ni ko bikin nan ya cancanci kuɗin mota da ƙurar hanya, zan ce masa ya cancanta, amma da sharaɗi. Idan ya shiga fili kada ya ɓata lokacinsa a rumfunan gaba. Ya wuce su, ya zagaya bayan makarantar firamare, inda aka jibge mata masu ginin tukwane da masu zanen ƙwarya a tsakiyar rana. Can ne baje kolin yake. Abin da ke gaba kuwa, wanda aka yi wa rumfar tamfol da kujerun roba, duk wanda ya taɓa leƙa shagunan masu sana'ar hannu na bakin babbar kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru, ya riga ya gan shi.

Ƙauyen yana kan hanyar da ta tashi daga Marwa ta bi ta Bogo da Girbidik ta nufi Maga da Fus, yankin da kogin Logon ya raba Kamaru da Cadi. Matasan garin ne da ƙungiyar mata suka shirya, shiga kuma kyauta. Sun iya zaɓen lokaci: ana ƙarasa girbin masakwa, mutane na da ɗan abin hannu, zafin bazara bai kankama ba. Tare muka tafi da Gwaggona, wadda take tara wa jikarta kayan ɗaki.

Ni ɗan baduku ne, a cikin warin jima da bagaruwa na tashi, saboda haka ba da raini nake magana kan rumfunan gaba ba. Na san abin da ya sami mutanen nan. A da, Turawa masu yawon buɗe ido suna sauka Marwa su wuce gandun dajin Waza kallon giwaye da raƙuman dawa, ko su hau duwatsun Mandara zuwa Rumsiki, a hanyar dawowa su cika jakunkunansu da tsaraba. Masassaƙa da dukawa da maƙeran farfaru da yawa da wannan ciniki suka yi aure suka gina gida. Tun da aka sace wani iyalin Faransawa a kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, rikicin Boko Haram ya tsananta a kan iyaka, ƙafar baƙi ta ɗauke. Abin da ya ba ni tausayi shi ne har yau hannunsu bai daina yi wa waɗancan baƙin aiki ba. Ga raƙuman dawa na katako jere bisa tebur, ga dorinar ruwa, ga 'yan fuskokin rataye a bango, ga maƙalin mabuɗi mai taswirar Afirka. Wa zai saya? Manomin shinkafa da ke ganin dorina da idonsa a tafkin Maga, wani lokacin ma ta tattake masa gona? Mutane suna tsayawa su ɗauki hoto da waya su wuce. Kuma da na ɗan yi hira da masu rumfunan, sai na tarar yawancinsu dillalai ne daga birni, ba su suka yi kayan ba.

Bayan makaranta kuwa cinkoso ne. Wata dattijuwa ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa ɗaya, tana ginin tulu a gaban jama'a. Babu injin juyi, babu ma'auni. Yumɓun da take aiki da shi an cuɗa shi da dakakken tsingaro, don kada tukunya ta tsage a wuta. Takan murza shi a tafin hannu ya yi tsawo, ta ɗora a bakin ginin tana matsewa da babban yatsa, ɗayan hannun yana ciki yana tarewa, kaskon da tulun ke zaune a kai yana juyawa kaɗan-kaɗan. Da ta zo wuya sai ta jiƙa ganye ta naɗe bakin da shi, ta ja zagaye guda, bakin ya fito sumul. Adon kafaɗa kuwa da guntun igiya ta yi shi, ta mirgina shi a jikin ɗanyen yumɓu ya bar sawu. 'Yarta tana gefe tana shafa wa busassun jar ƙasa, tana gogewa da dutse mai santsi har su yi sheƙi tun kafin su ga wuta. Gashin ma a fili ake yinsa, da kara da busasshen kashin shanu, shi ya sa kake ganin baƙin tabo a gefen wasu. Masu saye na birni suna gudun tabon nan, alhali bai rage wa tukunya komai ba.

Gwaggo ba ta kallon ado. Ta ɗauki tulu ta ƙwanƙwasa shi da zobenta, ta kai kunne, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Da Fulatanci suka yi cinikin, shi ne harshen kasuwa a nan ko ga Bahaushe ko ga ɗan ƙabilar Musgum.

"Baiwar Allah, wannan muryarsa ta dushe," in ji Gwaggo.

"Hajiya, kunnenki ya fi na masu shekarunki," matar ta ce tana dariya. "Bar shi, na zuba wa kaji ruwa ne. Ga naki nan a ƙarƙashin tabarma."

Ashe masu kyaun ta ɓoye su ne don wanda ya san kaya. Kafin la'asar babu ko ɗaya da ya rage.

Kusa da su matan Fulani ne da ƙore. Wuƙaƙe uku a cikin garwashi, wata daga cikin matan tana ɗaukar ɗaya ta ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi, kafin ta huce ta mayar ta ɗauki wata. Ba ta fara zana komai da alli ba, amma zanen ya zagayo ya haɗu da mafarinsa ba tare da ya goce ba. Wanda ya taɓa yanka fata ya san wuyar wannan. A wajen fata kuwa mutum ɗaya ne ya burge ni, wani tsoho mai kuben wuƙa da layun doki, wanda har yanzu da karan dafi yake rina ja, baƙi kuma da kuloko. Jan karan dafi yana shiga cikin fata ya zauna, ba ya ɓarewa irin na fentin gwangwani.

Abin da ya fi tara yara shi ne ginin ɗakin gargajiya na Musgum, mai tsini sama, wanda wasu dattawa suka fara kafin biki suka bar shi rabi don a ga yadda ake yi. Ba azara, ba ginshiƙi, ba tubali: laka ce da ciyawa, ana ɗora ta zagaye-zagaye, a bar wannan ya sha iska kafin a ɗora na gaba, bangon yana da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa. Tudun-tudun da ke jikinsa, waɗanda baƙo zai ɗauka ado ne kawai, su ne matakalar magini, da su ake hawa a yi yaɓe, su ne kuma ke raba ruwan sama ya gangara ba tare da ya ci bango ba. A ƙoli ana barin kafa don hayaƙi da zafi su fita, a rufe ta idan hadari ya taso. Manyansu sukan kai mita 9. Yau sai ka yi yawo kafin ka ga irinsu, kwano da siminti sun kore su, in ban da waɗanda aka sake ginawa a Murla kusa da Fus. Wani saurayi ɗan garin ya gaya mini shi ma ranar ya fara ganin ana ɗora irin wannan bango.

Masu zanen fenti an ba su aji ɗaya. Yawanci 'yan sakandare ne, kuma yawancin zanen kwaikwayon hotunan waya ne, 'yan ƙwallo da mawaƙa. Guda ɗaya ya tsayar da ni. An yi shi a bayan buhun shinkafa da jar ƙasa da gawayi da farar ƙasa: ambaliyar 2024 da ta ci Yagwa da ƙauyukan Mayo Danai, mace a cikin kwalekwale riƙe da akuya, rufin ɗakuna kaɗai ke leƙowa daga ruwa. Na nemi sunan mai zanen, babu. Babu takarda a jikin ko ɗaya, ba suna, ba gari, ba farashi. Na tambayi yaron da ke tsaron ajin, ya ce mai shi ya tafi kallon dawaki. Wannan shi ne babban laifin masu shiri a wurina, ya fi na rana da ƙishirwa. Ka tara aikin mutane ka kira jama'a su gani, sannan ka bar su ba suna?

Sauran ƙorafin na kowane taro ne. An ce ƙarfe tara, manyan baƙi ba su iso ba sai bayan azahar, aka hana fara komai a dandali sai sun zauna. Jawabi da Faransanci, a fassara da Fulatanci, a sake da Musgum, lasifika tana kuka. 'Yan rawar gurna na ƙabilar Tupuri, da sandunansu, sun tsaya tun hantsi, da aka ba su fili minti kaɗan aka ce su taƙaita. Ruwan sha ya ƙare da wuri, makewayi ɗaya ne na makaranta. Sukuwar dawaki da algaita dai sun yi kyau. Abinci ma ba laifi: gasasshen kifin tafki da yaji, tuwon shinkafa, tsire, da zoɓo mai sanyi ga wanda ya yi sammako.

Kayan da muka sayo sun daɗe a gida yanzu, zan iya faɗin halinsu. Tulun Gwaggo ya yi tsatsafo a kwanakin farko, kamar kowane sabon tulu, daga baya ya daidaita. Yana zaune a kan yashi a zaure, ruwansa da sanyi ko da azahar, ranar da aka ɗauke wuta har maƙwabta suna aiko yara da kofi. Ƙwaryar da na saya wa maiɗakina ana dama fura a ciki kullum, zanen bai dushe ba. Takalmin da na ɗauka a rumfar gaba, don in taimaka wa ciniki, shi ne ya ba ni haushi: saman fata ne, amma tafin kwali ne aka manna da gam, raɓar safiya ta farko ta buɗe masa baki. Kuɗinsa ya fi na tulun da ƙwaryar a haɗe.

Mai niyyar zuwa idan an sake, ya riƙe canji, 'yan ɗari-ɗari da ɗari biyar-biyar na sefa. Matan ba su da canjin jaka goma, kuma sabis ɗin waya yana zuwa yana tafiya, kada ya dogara da biyan kuɗi ta waya irin Orange Money ko MoMo. Ya tafi da katin shaida saboda shingayen jandarmomi, da ruwansa, da tsohon zane ko buhu na naɗe tukwane, don hanyar bayan Bogo ba ta da tausayin kayan da ke fashewa. Ya kuma isa da safe, tun manyan baƙi ba su zo ba, lokacin da masu kyaun suke ƙarƙashin tabarma.