Sharhi kan bugun Henle na kundin Bach na 1722

Mafi yawan matasan da ke kaɗa piyano a majami'un Jos da kunne suka koya, kuma idan ɗayansu ya ƙudura koyon karanta rubutun kiɗa, wurin Johann Sebastian Bach malamai suke kai shi. Kundin da ake nufi shi ne kashi na farko na Das Wohltemperierte Klavier, wanda Bach ya kammala a garin Köthen na Jamus a 1722, mai ɗauke da kiɗan share fage 24 da fuga 24 (kiɗan da muryoyi ke shigowa ɗaya bayan ɗaya da salo guda), wato share fage ɗaya da fuga ɗaya a kowane ki, ma'ana matakin sautin da aka gina kiɗa a kansa. Bugun da nake koyarwa da shi na kamfanin G. Henle ne, wanda aka kafa a 1948, mai shuɗin bango.

Darajar wannan bugu tana cikin abin da ake kira Urtext, wato editan ya koma ga rubutun hannun Bach da ke ajiye a Berlin da kwafe-kwafen almajiransa, ya buga abin da ya tarar ba tare da ƙarin gishiri ba. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin ɗalibai da yawa suna sauke tsofaffin bugu kyauta daga rumbun IMSLP a intanet, kuma sau da yawa bugun 1837 na Carl Czerny, wani malamin piyano na Vienna, suke ɗaukowa. Czerny ya cika shafukan da alamomin sauri da na ƙarfin sauti waɗanda Bach bai rubuta ba. Abin da ya fi damuna shi ne kiɗan farko na ki C, wanda gaɓoɓinsa, wato ƙananan sassan da ake raba rubutun kiɗa da su, 35 ne, amma tsofaffin bugu suka cusa masa gaɓa guda bayan ta 22, wadda ake dangantawa da wani makaɗin Jamus mai suna Schwencke. Ɗalibin da yatsunsa suka haddace ta yakan sha wuya kafin ya rabu da ita. A bugun Henle babu ita.

Takardar tana da kauri, launinta ruwan madara ne, ba ta ɗaukar ido ko da a hasken fitila mai caji, kuma ɗinkin littafin yana barinsa ya kwanta a buɗe a kan piyano. An kuma sa lambar BWV, wato lambar jerin ayyukan Bach, a kan kowane share fage da fugarsa, daga 846 zuwa 869, bisa jerin da Wolfgang Schmieder ya tsara a 1950, abin da ke sauƙaƙa wa mai bincike aiki.

Sai dai wanda ba shi da malami zai iya rikicewa, tun da shafin ba ya faɗa masa inda zai sassauta ko inda zai ƙara ƙarfi, kuma bayanin editan ba don mai fara koyo aka rubuta shi ba. Ga kuma tsada, domin da kuɗin Turai ake sayensa, kuma yawanci sai an yi saƙo daga Legas ko ƙasar waje. Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa ita ce su sayi kwafi guda na majami'a, ɗalibai su riƙa gwada takardun da suka sauke da shi, su gyara da fensir kafin su fara atisaye.