Injin kwale-kwale da ke rage ƙarfi da asuba: batirin ruwa ko na litiyom?

Malam, na ga tambayarka tun jiya, na bari sai na zauna don in amsa ta yadda ya kamata. Ka ce kana da ƙaramin injin lantarki na bolt 12 mai lamba 55 (lambar ƙarfin turawarsa ke nan), wanda kake ɗaura wa kwale-kwale kana shiga Galma da shi. Tun damina lafiya lau yake, amma da hunturu ya kankama, in ka fita bayan sallar asuba sai ka ji farfela tana juyawa da ƙyar, kafin awa guda ya tsaya, ka koma ga filafili. Da hantsi kuma sai ya ɗan farfaɗo. Wani ya ce maka injin ne ya lalace, wani ya ce ka zubar da batirin ka sayi na litiyom. Kana son a ajiye maka su gefe da gefe.

Aikina haɗa sola da gyaran inbata ne, kuma batir iri biyun nan kullum suna hannuna. Abin da zan fara gaya maka shi ne sanyin Zariya ba ya kashe inji. Irin wannan inji a Amurka aka fara ƙera shi, wani O.G. Schmidt ne ya yi shi a garin Fargo a 1934, kuma can tabkuna daskarewa suke yi har a yi tafiya a kansu. Yawancin shawarwarin da ake gani game da sanyi don waɗancan mutanen aka rubuta su. Mu nan ko a tsakiyar Disamba da Janairu, lokacin da ake kwana da wuta a ɗaki, ruwa ba ya daskarewa. Abin da sanyinmu yake yi shi ne tona asirin batirin da dama ya gaji.

Batirin ruwa, wato mai dalma da asid a ciki, ƙarfin da aka rubuta a jikinsa an auna shi ne a zafin wajen digiri 25. Da zarar zafi ya sauka, aikin sinadaran da ke cikinsa yakan yi nauyi, sai wutar da yake iya bayarwa ta ragu. Sabon batir mai cikakken caji ba zai nuna maka wannan sosai ba. Amma wanda ya yi shekara biyu ana zuƙe shi har ƙasa, ana kuma cire shi daga caja bai cika ba saboda an ɗauke wuta, shi ne yake durƙushewa da asuba ya miƙe da hantsi. Ga kuma wani abu da mutane ba sa lura da shi: in da sola kake caji, hazo da ƙurar hunturu suna rage abin da faranti yake tarawa. Na sha zuwa gidan da ake kukan batir ya mutu, in hau rufi in shafa faranti da yatsa, yatsan ya fito jawur. Batirin bai taɓa cika ba tun shigowar iska.

Lissafin ma bai goyi bayan batirin ruwa ba. Inji mai lamba 55 yana jan wajen amfiya 50 in ka buɗe shi duka. Batir mai 100Ah kuwa (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka), in kana son ya yi kwana, rabinsa kawai ya kamata ka sha. Ka ga ke nan awa ɗaya ce a gudu na ƙarshe, ko ma ƙasa da haka, don batirin ruwa yana saurin faɗuwa in aka ja shi da ƙarfi. In kuma batirin mota ne kake amfani da shi, to nan matsalar take. Na mota an yi shi ne don ya tada inji na 'yan daƙiƙu, farantan cikinsa sirara ne, zuƙewa sau da yawa tana cinye su. Wanda ya dace shi ne irin na sola da aka yi don a sha shi a hankali.

Na litiyom, ina nufin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, halinsa daban. Mai 100Ah nauyinsa wajen kilo 12 ne, shi kuwa na ruwa yana kai kilo 28 zuwa 30. Wanda ya taɓa saɓa batir daga kan babur zuwa bakin ruwa cikin duhu ya san darajar wannan bambanci, haka ma kwale-kwalen da ruwa ya kusa kai bakinsa. Za ka iya shan kusan duk wutar da ke cikinsa, ƙarfinsa ba ya raguwa a hankali kamar na ruwa, kuma yana jure caji da saukewa sama da sau 2,000, alhali na ruwa ɗaruruwa ne kawai. Babban rauninsa a sanyi shi ne ba a yi masa caji in zafi ya sauka ƙasa da sifili, abin da ba ya faruwa a Zariya. Saboda haka ta fuskar hunturu kaɗai, litiyom ya fi.

Sai dai yana da nasa halin da ya kamata ka sani kafin ka ba da kuɗi. Batirin ruwa yana yi maka gargaɗi, za ka ji inji yana sanyi, ka juya ka nufi gaɓa. Na litiyom yana da wata 'yar na'ura a cikinsa mai tsaron lafiyarsa, in wuta ta ƙare ɗif take yanke ta, kana tsakiyar ruwa. Don haka filafili ba ya barin jirgi. Yana bukatar cajarsa ta musamman. Kuma tunda bolt ɗinsa yana tsayawa sama, bai kamata ka bar injin a gudu na ƙarshe na dogon lokaci ba, yana iya ɗumama shi fiye da kima. Tsadarsa kuma ba ɓoyayya ba ce, ga jabu a kasuwa. In za ka saya, ka sa a gwada maka shi a gabanka, ka kuma tabbatar na'urar cikinsa tana iya sakin amfiya 60 ko sama da haka.

Amma Malam, don Allah kada ka sayi komai tukuna. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min irin kukan nan bara, ya riga ya karɓi bashi zai sayi sabon batir. Da na buɗe kan batirinsa, wani farin gari mai kore-kore ya rufe tamina, wato inda ake ɗaura waya, wayar kuma irin siririyar nan ce ta wayarin ɗaki, an murɗa ta da hannu an naɗe da leda. Muka tada injin a cikin duro, minti biyu na taɓa wayar, ta yi zafi har na janye hannu. Wutar tasa a hanya take ƙonewa. Raɓar asuba da ƙura ne suka haɗu suka ci mahaɗin. Muka wanke da ruwan kanwa, don kanwa tana kashe asid, muka kankare har dalmar ta yi haske, muka sa waya mai kauri, muka ɗaure da sifana, na shafa basilin a kai. Da wannan batirin ya ƙarasa hunturun.

Ga yadda za ka raba gardama da ƙaramar mita, wadda kowane mai riwaya a Sabon Gari yake da ita. Ka yi caji, ka cire, ka bar batirin ya huta dare guda, sannan ka auna da asuba. Batirin ruwa mai lafiya zai nuna bolt 12.6 ko 12.7. In ka ga 12.2, rabi ne kawai a ciki. Daga nan ka sa farfela cikin ruwa, ka buɗe injin duka, ka sake aunawa a kan batirin. In ya rufto zuwa wajen 10.5, batir ne ya gaji. In kuwa ya tsaya kusa da 12 amma a ɗaya bakin wayar, wajen inji, ka ga ya ragu da kusan bolt guda, to waya ce ko mahaɗi ko fiyus.

In duka biyun lafiya suke, sai a koma kan injin. Ka cire waya daga batir, ka kwance farfela ka duba bayanta. Zaren koma da na ƙugiya suna naɗewa a wurin, musamman yanzu da ruwa ya ja baya ciyawa ta fito. Zaren yana riƙe farfela, in ya daɗe kuma ya yanka robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga ya lalata kabon ɗin ciki. In inji yana ƙara amma farfela ba ta juyawa, ɗan ƙarfen da ke riƙe ta ne ya karye, ba ya da tsada. In wasu lambobin gudu suna aiki wasu ba sa yi, makunnin hannu ne.

Tunda ka ce yana farfaɗowa da hantsi, hankalina ya fi karkata ga batir ko kan batir. In gwaji ya nuna batirin ne, kuma kullum kake fita, aljihu kuma zai iya, ka ɗauki litiyom. In sau biyu ko uku a mako kake shiga ruwa, batirin sola mai kyau zai ishe ka, muddin kana yi masa caji ranar da ka dawo har ya cika, kana duba ruwansa, kana kuma kwana da shi a ɗaki maimakon barinsa cikin jirgi. Ka turo min lambobin da mita ta nuna, na safe da na lokacin da injin yake aiki, da shekarun batirin, in duba maka.